Kwamfutar Baba Ba Ta Magana

Madam ta ba Baba babi guda na gwaji, ta ce ya duba ya mayar mata kafin ƙarshen wata. Ita ce shugabar sashen da ke raba aiki a maɗaba'ar, kuma ba ta ɓoye masa komai ba. An daina aika wa masu duba rubutu takarda. Yanzu ta kwamfuta ake turawa, ta kwamfuta ake mayarwa. In ya iya, sunansa na nan cikin masu aiki. In bai iya ba, za a yi masa godiya a ba wani.

Tun kafin a haife ni Baba yake wannan aikin. A kawo masa littafin makaranta kafin a buga, ya bi shi layi-layi da jan biro, ya tsamo harafin da ya faɗi, da jimlar da ta karye, da lambar shafin da ta yi tsalle. Da ya yi ritaya ma bai daina ba, gida ake kawo masa. Sai dai idonsa ya fara ja da baya. Likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a riƙe wanda ya rage, ya ba shi maganin ɗigawa. Baba ya dawo gida ya ce likitan yaro ne, bai san ido ba. Amma bai taɓa tsallake maganin ba.

Yaya ne ya sayo kwamfutar. 'Yar ƙarama ce ta cinya, mai araha, ruwan toka, jikinta roba mara kauri, in ka ɗaga ta ta gefe ɗaya sai ka ji ta ɗan yi ƙara. Ran da aka kunna ta, Baba ya zauna a gabanta da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Wani ɗan zobe ya fito a tsakiyar fuskarta yana juyawa. Umma ta ɗora ruwan shayi, ya tafasa, aka zuba, aka sha, zoben na nan yana juyawa. Da ƙyar babin ya buɗe, kuma duk sanda Baba ya danna wani abu sai ta tsaya tana tunani.

Yaya aikinsa haɗa wa ofisoshi intanet ne, saboda haka duk abin da ke da waya a gidanmu shi ake kira. Ya ce ba laifin kwamfutar ba ne. Tsarin da aka zuba mata, wato babbar manhajar da ke tafiyar da komai a cikinta, shi ne ya fi ƙarfinta, kamar a ɗora wa keke kayan babbar mota. Ya ce akwai wasu tsare-tsaren da ake kira Linux, iri-iri ne, mutane ne a ƙasashe daban-daban suke haɗuwa su rubuta su bar su a buɗe, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara, ba a sayarwa. Wasu daga ciki don irin waɗannan ƙananan kwamfutocin aka yi su.

Umma ta ajiye kofinta ta tambaye shi, to abin da ba wanda ya sayar maka, in ya lalace wa za ka kama?

"Ni za ku kama," in ji Yaya.

"Da ma kai muke kamawa," in ji ta.

A lokacin gidanmu ba gidan da ake ɗaga murya ba ne. Rufin gidan su Yaya ya fara yoyo ana gyarawa, sai suka dawo wurinmu shi da matarsa, wadda nake kira Anti, da jaririyarsu. Baba ne ya sa wa jaririyar suna Alƙaliya, wai in ta kwanta kotu ta zauna, ko tari ba a yi. Barci yana yi mata wuyar zuwa, kuma ƙaramin motsi yana kore shi. Anti ta rame, ƙasan idanunta ya yi baƙi. Ba wanda ya kafa mana doka, amma duk muka bi. Wayoyi suka daina ƙara, Yaya ya cire wayar ƙararrawar ƙofa ya zuba wa ƙyauren banɗaki mai, Umma ta koyi juya shayi ba tare da cokali ya taɓa kofi ba. Ni abin bai dame ni ba, don da ma can ba a cika jin muryata ba.

Ran Asabar bayan azahar, da Alƙaliya ta yi barci, Yaya ya jera filashi uku, 'yan ma'ajiyar bayanan nan da ake soka wa kwamfuta, a kan teburin cin abinci, kowane da tsari daban a ciki. Ya ce za a iya gwada kowanne daga filashin ba tare da an goge komai ba, wanda ya dace sai a zuba shi dindindin. Muka kewaye teburin muna magana ƙasa-ƙasa.

Na farkon kyakkyawa ne. Launuka masu taushi, tagogi suna zamewa kamar an shafa musu mai. Umma ta ce wannan ai Mai Kwalliya ne. Amma kafin babin Baba ya buɗe, fankar cikin kwamfutar ta fara huci, na sa hannu a ƙasanta na ji ta yi zafi. Yaya ya ce an gudu ba a tsira ba, ya zare shi.

Na biyun ba shi da ado, fari da toka kawai, kuma ya ɗan ɗauki lokaci kafin ya tashi. Umma ta ce Dattijo ke nan, sai ya dafa gwiwa. Tana rufe baki ya gama tashi, ya saki wani kiɗan gaisuwa, ɗan gajere amma da ƙarfinsa, ya cika falon. Duk muka ƙame. Na ga hannun Yaya a sama bai kai ga madannin kashe sauti ba. Sai kukan ya taso daga ɗaki.

Anti ta fito da ita a kafaɗa, ta tsaya a bakin ƙofa. Kallon Yaya kawai ta yi. Ya kashe sautin, muka ƙarasa gwajin a gurguje yayin da take kai da komo a baranda tana jijjiga yarinyar. Dattijo ya kama intanet, ya buɗe babin, fanka ba ta yi huci ba. Amma ba wanda ya yaba masa.

Sai da barci ya sake ɗaukar Alƙaliya aka sa na ukun. Kafin Umma ta gama gyara zama ya riga ya tashi. Yaya ya buɗe babin, ya rufe, ya sake buɗewa, don dai mu ga saurin. Umma ta sa masa Ɗan Tsere. Ko ƙis bai yi ba, daga tashinsa har aka gama. Anti ta leƙo ta kafaɗar Yaya ta ce cikin raɗa, wannan kam mai tarbiyya ne, a bar shi.

Yaya ya ƙara girman haruffan ya juya wa Baba fuskar kwamfutar.

"Baba, kana gani?"

"Ina gani mana."

"In ƙara?"

"Ɗan ƙara kaɗan. Ba don komai ba, hasken tagar nan ne."

Yaya ya ƙara. Kafin magariba an zuba Ɗan Tsere, an goge tsohon tsarin. Yaya ya yi ta murna da kansa, yana kunna ta yana kashewa, har Umma ta ce ya bari kada ya gajiyar da ita kafin mai ita ya fara.

Ni kaɗai ce nake wuni da Baba a falo. Umma tana koyarwa a makarantar firamare, Yaya yana fita tun da safe, Anti kuma in yarinya ta yi barci ita ma sai ta kwanta. Na samu aiki a wani gari, farkon wata zan fara, saboda haka kwanakin nan ba abin da nake yi sai ninke kaya da warwarewa. Nakan zauna a kujerar da ke bayan Baba da littafi a hannu, in riƙa kallonsa ta saman littafin.

Ya ƙara girman haruffan da kansa, ya ƙara, har kalma biyu ko uku suka cika fuskar kwamfutar. Yakan matso har hancinsa ya kusa taɓa ta, ya ɗan karkatar da kai don ya yi amfani da gefen idon da ya fi gani. In ya kai ƙarshen layi zai koma farkon na gaba, sai ya ɓata. Ya koma sama, ya sake farawa, leɓunansa suna motsi. Can sai idon ya kawo ruwa, ya cire tabarau ya goge, ya zauna yana fuskantar bango. In ya ji motsina sai ya ce hutawa yake, aikin ba wuya, yaran yanzu ne ba su iya rubutu ba.

A wuni guda bai gama shafi ba. Babin kuwa shafuka ne masu yawa.

Da yamma ya ce wa Umma ta ɗan karanta masa sakin layi ɗaya, wai yana son ya ji yadda ya zauna a kunne. Ta ja kujera ta fara karantawa ƙasa-ƙasa. Babin a kan yadda ruwa ke zagayawa ne, daga teku zuwa gajimare zuwa ƙasa. Baba ya jingina, ya rufe ido. Ba ta yi nisa ba ya ɗaga yatsa ya ce ta koma, an maimaita kalma. Ta koma, haka ne. Ta ci gaba, ya sake tsayar da ita, ya ce marubucin ya ce abu uku zai lissafa amma biyu ya kawo. A ɗan wannan zaman suka wuce abin da ya yi tun safe.

Sai dai Umma ba mai karanta abu ta wuce ba ce. Takan tsaya ta ce wannan bayanin ba yaron da zai gane shi, ko ta gyara jimla da bakinta ba tare da ta sani ba, ta karanta abin da ya kamata a rubuta maimakon abin da aka rubuta. Baba ya ce mata ita malama ce, shi kuma ba malama yake nema ba, mai karatu yake nema. Ta ce to ya nemi wadda ba ta wuni tana fama da yara ba. Muryarta ta riga ta dishe. Suka yi dariya, aka rufe kwamfutar.

Washegari na ce masa ni zan riƙa karanta masa. Ya ce to, amma na yau kawai. Da na ce ai zan iya roƙon wurin aikin su ɗaga min zuwa wani watan, ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni.

"Auta, ban kai ki makaranta don ki zauna ki zama idona ba. In aikin nan sai da ke zan yi shi, to ba nawa ba ne, a ba wani."

Ban sake tayar da maganar ba. Na karanta masa na ranar, ya kama kurakurai, amma na ga bai sa su a cikin babin ba. Ya ce gwajin nasa ne, ba namu ba.

Da ya shiga ya kwanta bayan azahar, na jawo kwamfutar. Na tuna wata da muka yi aji ɗaya da ita a jami'a, wadda ba ta gani, kullum da abin sauraro a kunnenta, kwamfutarta tana karanta mata komai. Na shiga wurin saituna ina dubawa har na samu. Akwai manhajar da ke karanta abin da ke kan fuskar kwamfuta da murya. Na sa abin kunnena don kada in tayar da Alƙaliya, na kunna.

Ban ji komai ba. Na ƙara sautin har ƙarshe, shiru. Na cire abin kunnen na kara kunnena a jikin 'yan ramukan sifikar, shiru. Na nemo wani karatu da aka naɗa na kunna, na ga layin yana tafiya alamar ana magana, amma ba abin da ke fitowa. Na zauna ina kallonta. Ashe Ɗan Tsere ba ladabi ne ya hana shi gaishe mu ran Asabar ba. Ba shi da murya ne a wannan kwamfutar, mu kuma muka yaba masa a kan haka.

Faɗa wa Yaya ya fi gano abin wuya. Tun muna yara shi ne mai magana, ni ce mai gyaɗa kai. Kuma na ga yadda ya ji daɗin aikin da ya yi, har abokan aikinsa ya ba labari. Na shirya maganar a raina, na sake shiryawa. Da ya dawo da yamma na same shi a kicin yana wanke kwalaben madarar Alƙaliya, na ɗauki tawul na tsaya kusa da shi kamar taya shi na zo yi. Na goge kwalba ɗaya har ta fara ƙara.

"Auta, za ki huda ta. Faɗi abin da ya kawo ki."

"Kwamfutar Baba ba ta magana."

"To ai shi ya sa muke son ta."

"Ba ta iya ba ne, Yaya. Na gwada. Kuma Baba ba ya ganin rubutun. Cewa kawai yake yi yana gani."

Ya kashe famfo. Na gaya masa abin da nake gani kullum da safe, da abin da ya faru da Umma ta karanta, da manhajar da ke karantawa. Ban taɓa yi masa magana mai tsawon wannan ba. Ya saurara yana kallon kumfan da ke hannunsa. Da na gama ya ce ai ya tambayi Baba a gaban kowa, Baba ya ce yana gani. Na ce shi ya sa, a gaban kowa ne.

Ya ɗauraye hannu ya ce, wato mu mun zauna mun zaɓar wa mai bukatar murya wanda ba ya magana. Ya so ya yi dariya, ba ta fito sosai ba.

Bai saki Ɗan Tsere da sauƙi ba. Ya shiga dandalin intanet inda masu amfani da tsarin suke taimakon juna, ya tarar ba mu kaɗai ba ne. Irin waɗannan kwamfutocin masu araha ana sa musu wani sabon ɗan guntun sauti, shi kuma Ɗan Tsere an gina shi a kan tsohon tushe da bai san guntun ba. Ya bi shawarwarin da aka rubuta ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta yi. Ya aro wani ɗan abin sauti da ake soka wa kwamfuta ta gefe, sauti ya zo, amma muryar mai karatun sai ta faɗi sunan babin ta yi shiru, in an shiga wani wurin ba ta san inda take ba. Ya ce an rage wa Ɗan Tsere kaya da yawa don ya yi gudu, har da waɗanda muke bukata aka zubar.

Ya tura kwamfutar gefe ya dafe kai. Na ce a hankali, Dattijo dai mun ji muryarsa.

"Duk unguwa ta ji," in ji shi. Ya miƙa hannu ya ɗauko filashin Dattijo.

Matsalar ita ce inda za a gwada. Yaya ya ce shi ba zai sake tsayawa gaban Alƙaliya da laifi iri ɗaya ba. Saboda haka ran Lahadi da la'asar muka sauka ƙasa, muka shiga motarsa da ke ajiye a inuwar ginin, muka ɗaga gilasai. Ya ce wa Baba yana son ya taya shi jin wata ƙara da injin ke yi. Baba ya zauna a gaba, ni a baya. Da ya ji an ɗora masa kwamfuta a cinya, ya ce wannan injin kuma yaushe aka mayar da shi nan?

Yaya ya kalle ni ta madubi. Na gane ni yake jira.

"Baba," na ce, "ka bar idon ya huta. Akwai wadda za ta karanta maka, ba ni ba, ba Umma ba. A cikin kwamfutar take. Ba ta gajiya, kuma aikin naka ne kai kaɗai."

 Ya cire tabaran ya riƙe a hannu, yana kallon gaba, inda wani maƙwabcinmu yake shanya tabarmar mota a kan katanga. Na ɗauka zai ce a buɗe masa ƙofa. Can ya ce, tun yaushe kika sani? Na ce tun ranar farko. Ya gyaɗa kai, ya ce to a kunna mu ji.

Dattijo ya tashi a hankali, ya yi gaisuwarsa, wannan karon ba wanda ya firgita. Yaya ya buɗe babin ya kunna mai karatun. Muryar ta fito, ta mace ce ko ta namiji ban iya cewa ba, a daidaice take, ba hawa ba sauka, kamar mai mura yana karanta sanarwa. Na ji kunya ta kama ni a madadinta. Baba ya saurari jimla biyu ya ce wannan ba ta taɓa jin daɗin komai a rayuwarta ba. Ya ƙara saurara. Sai ya tambaya ko za a iya sa ta ta riƙa faɗin alamomin rubutu. Yaya ya duba ya samu. Muryar ta koma farko, tana faɗin kowane waƙafi da kowace aya da sunansu.

Baba ya gyara zama. Ya ce ai haka suke yi a maɗaba'a lokacin da ya fara aiki. Bibbiyu ake zama, ɗaya ya riƙe rubutun marubuci yana karantawa da ƙarfi, har waƙafi da aya da babban harafi, ɗayan yana bin wanda aka tsara. Shi da wani da suke kira Dogo suka yi shekaru a teburi ɗaya. Ya ce Dogo ma haka muryarsa take, ba gishiri, kuma shi ya sa ya fi kowa, don mai karatu da daɗi yakan sa ka bi labari ka manta aiki.

"Ƙara mata sauri," ya ce wa Yaya. "Ƙara. Ba jariri take yi wa ba."

Motar ta yi zafi, gumi yana bin bayana, amma ba wanda ya ce a sauke gilashi. Muryar tana gudu, Baba ya rufe ido, yatsansa a sama. Ta zo kan wata kalma ta yi tuntuɓe, ta furta ta wani iri. Ya ce tsaya, harafi ya faɗi a nan. Na leƙa ta kafaɗarsa, haka ne.

A ranar Yaya ya goge Ɗan Tsere ya zuba Dattijo. Ya kashe kiɗan gaisuwar, ya sa mai karatun ya riƙa tashi da kansa da zarar an kunna. Ya yanka 'yan guntayen salatif ya manna a kan madannan da Baba zai fi bukata, na tsayawa da na komawa baya da na ajiyewa, don ya gane su da taɓi. Sauran madannan Baba ya san su tun zamanin tafireta, ba ya bukatar kallo. Kwamfutar ba ta da saurin da take da shi a makon da ya wuce, kuma in an buɗe abu biyu tare sai ta ɗan ja ƙafa. Yaya ya ce a riƙa buɗe ɗaya.

Abin kunne aka ba Baba, amma bai jure shi ba, ya ce kamar an zuba masa mutum a cikin kai. Ya riƙa cirewa yana kara kunne a sifika da sautin can ƙasa. Anti ce ta fito wata safiya ta same shi a haka, a sunkuye kamar mai sauraron sirri. Ta tsaya ta kalle shi, sannan ta miƙa hannu ta ƙara sautin da kanta. Ta ce Baba ya yi aikinsa, ita za ta rufe ƙofar ɗaki ta sa tawul a ƙasanta, in yarinya ta tashi ta tashi. Ran farko ta tashi. Ran na biyu ma ta tashi, Anti ta sha jijjiga, amma ba ta bari an rage ba.

Kwanakin farko Baba ya sha faɗa da muryar. Yakan danna abin da bai yi niyya ba ta koma farkon babin, ya ce mata ai mun wuce nan, ke ba ki da tunani ne? Daga baya hannunsa ya saba. Na daina zama a bayansa, na koma haɗa kayana da gaske.

Abu ɗaya ne ya gagara. A tsakiyar babin akwai jadawalin yawan ruwan sama, layi da ginshiƙi cike da lambobi. Muryar ta bi su a jere, lamba bayan lamba, ba a gane wacce ke ƙarƙashin wacce. Baba ya sa ta maimaita, ya sake, ya ce a'a, wannan aikin ido ne. Yaya ya ce ai Auta sai ta duba masa wannan ɗin kawai, ba wanda zai sani. Baba ya ce shi zai sani, kuma littafi na gaba Auta ba ta nan. Ya bar jadawalin yadda yake. Da zai mayar da babin, ya rubuta wa Madam a saƙon cewa da kunne ya duba, kwamfuta ce ta karanta masa, kuma jadawalin bai duba ba don ba zai iya ba.

Madam ta kira ana gobe zan tafi, muna zaune ana shan shayin yamma. Baba ya tashi ya fita baranda da wayar, ya ja ƙofa. Muna ganinsa ta gilashi, ya fi saurare fiye da magana. Umma ta riƙe kofinta ba ta sha ba. Yaya ya ɗauki Alƙaliya daga hannun Anti yana jijjiga ta, ko da yake ba kuka take ba.

Ya dawo ya zauna, ya lalubi kofinsa ya kurɓa.

"To?" in ji Umma. "Sai mun roƙe ka?"

Ya ce Madam ta ce babin ya fita tsaf, har ya kama abu biyu da editan ya tsallake. Amma littattafan lissafi da na kimiyya masu jadawali da taswira, waɗanda ya fi so kuma aka san shi da su, ba za a ƙara kawo masa ba. Za a riƙa turo masa na zube, tarihi da labarai da makamantansu.

"An rage ni," ya ce. "Ba a cire ni ba."

Umma ta ce to alhamdulillahi, ta kai kofin baki. Baba ya murza gefen teburin da babban yatsa. Sannan ya ce na farkon zai iso ran Litinin, littafin tarihi ne na manyan aji, kuma an ce marubucin ba ya son aya. Ya juya wajen da Yaya yake ya ce ya ba uwar yarinya 'yarta, ya zo ya nuna masa yadda ake tsallakawa daga babi zuwa babi, don ba zai yi ta danna madannin kibiya tun daga shafin farko ba.